Kafin a Jera Gwanayen Ƙwallon Kwando, a Tsayar da Mudu

Kumasi garin ƙwallon ƙafa ne, kuma musu a kan gwanaye ya daɗe a cikinsa. Dattawan Zango har yau ba su yarda an yi kamar Baba Yara ba, mutumin da babban filin wasan garin ke ɗauke da sunansa. Na bayansu sukan kawo Ibrahim Sunday da ya zama gwarzon Afirka a 1971, ko Abdul Razak da ya samu wannan kambu a 1978. Wasu kuma su ce Abedi Pele da ya ɗauka sau uku a jere ya rufe bakin kowa. Abin da ya ƙaru a 'yan shekarun nan shi ne wani musun da ya shigo ta wayar hannu. A Kwadaso, a wurin masu shan ataya da shagunan aski, sai ka ji samari suna ta da jijiyar wuya: Jordan ne ko LeBron? Wani ya jefo Kobe, wani ya ce Curry ya sauya wasan gaba ɗaya.

Musun yana da daɗi, amma akwai abin lura. Yawancin wasannin gasar NBA ta Amurka suna farawa ne a tsakar dare agogon Ghana, na yammacin ƙasar kuwa sai wajen ƙarfe biyu ko uku. Mai sammakon zuwa kasuwa ko makaranta ba zai zauna musu ba. Abin da ke iso mana shi ne gutsattsarin bidiyo na daƙiƙa talatin, inda wani ya yi tsalle ya danƙara ƙwallo a kwando, sai kuma takalma da riguna masu lamba 23 a cikin kayan gwanjo. Da wannan ake gina jeri, a kuma kare shi kamar gado.

Masu albasa a kasuwar Kwadaso ba sa shiga maganar kuɗi sai an san girman buhun da ake ciniki a kansa. Masu musun gwanaye kuwa kowa da mudunsa a aljihu, ba ya fito da shi, sai dai ya faɗi sakamakon awo. Ita kanta hukumar NBA ta gane haɗarin. Da ta fitar da gwanaye 50 a 1996, da kuma na cika shekara 75 a 2021, sunaye kawai ta lissafa, ba ta ce wane ne na ɗaya ba.

Mudun da aka fi saurin ɗauka shi ne kofi. Masoyan Michael Jordan sukan ce shida ya ci da Chicago Bulls, uku daga 1991 zuwa 1993, uku daga 1996 zuwa 1998, kuma bai taɓa zuwa wasan ƙarshe ya faɗi ba. Gaskiya ne. To amma in ƙidayar kofi ce hujja, magana ta ƙare tun kafin a haifi yawancinmu, domin Bill Russell na Boston Celtics ya ci 11 a cikin kaka 13, tsakanin 1957 da 1969, biyun ƙarshe ma yana ɗan wasa kuma yana mai horarwa, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a gasar. Akwai kuma wani Robert Horry mai kofi bakwai, ya fi Jordan da ɗaya, alhali ko sau ɗaya ba a taɓa zaɓensa cikin taurarin shekara ba. Babu mai hankalin da zai ɗora Horry a kan Jordan. Mutum biyar ke cikin fili, kofi kuwa na ƙungiya ne.

Sai a koma ga maki. A nan Wilt Chamberlain ke tsaye kamar dutse: maki 100 a wasa ɗaya ranar 2 ga Maris 1962, kuma a wannan kakar matsakaicinsa ya haura 50 a kowane wasa. Kofinsa biyu ne kacal, don sau da yawa Russell da mutanensa ne ke tare masa hanya. Kareem Abdul-Jabbar ya tara 38,387, ya kuma riƙe tarihin yawan maki kusan shekara 39 kafin LeBron James ya wuce shi a watan Fabrairun 2023, ya kuma haura 40,000 a shekarar da ta biyo. Jordan ya tsaya a 32,292, amma kaka 15 ya buga, kuma in aka raba da yawan wasanni shi ne kan gaba da 30.1. Ka ga ko a cikin makin ma mudu biyu ne, na jimilla da na matsakaici, kuma kowanne da wanda yake fifitawa.

Abin da ya fi rikita lissafin shi ne wasan da kansa bai tsaya wuri ɗaya ba. Lokacin da Russell ya fara, ƙungiyoyi takwas ne a gasar, yau talatin ne. Ba a fara rubuta yawan ƙwallon da ɗan wasa ya kaɗe daga hannun mai jefawa ba sai kakar 1973, wato aikin da Russell ya fi kowa iyawa babu shi a takarda. Layin jifa mai maki uku sai 1979 ya shigo. Kareem, a shekara ashirin na wasansa, sau ɗaya tak ya ci daga bayan layin nan, Stephen Curry kuwa ya haura 4,000. A zamanin Jordan mai tsaro yana iya ɗora maka hannu yana turawa, a 2004 aka tsaurara hana hakan, fili ya buɗe wa masu gudu da masu jifa daga nesa. Matashin da ya kalli tsohon fim ɗin Russell ya yi dariya, ya tuna Baba Yara: haɗarin mota ya katse masa wasa a 1963, ya rasu a 1969, kuma shaidar waɗanda suka gan shi da idonsu ita ce babbar hujjar da ta rage. Ba ma cewa ƙarya suke yi don kawai babu bidiyo a wayarmu.

Ni dai a wurina tambayar da ta fi amfani ita ce: nawa mutum ya fi na zamaninsa, a ɓangaren ci da na tsaro duka, kuma tsawon wane lokaci ya riƙe wannan fifiko? Da wannan awon Jordan nake sa wa a gaba, kuma ba don takalminsa ba. Sau goma yana zama wanda ya fi kowa maki a kaka, sau biyar gwarzon kaka, sannan a 1988 ya haɗa da kambun gwarzon mai tsaro. Sai dai maganar cewa bai taɓa faɗuwa ba tana buƙatar gyara. Detroit Pistons ta fitar da shi shekara uku a jere, daga 1988 zuwa 1990, tun kafin ya kai wasan ƙarshe. LeBron ya je wasan ƙarshe sau goma, takwas a jere, ya ci huɗu. Ban ga dalilin da zai sa faɗuwa tun kafin a kai wasan ƙarshe ta fi faɗuwa a wasan ƙarshe daraja ba. Kuma abin da LeBron ya yi wa Cleveland a 2016, da ya dawo daga ci uku da ɗaya ya doke Golden State da ta ci wasa 73 a kakar, Jordan bai taɓa fuskantar irinsa ba.

Wanda aka fi zalunta a musun manyan uku shi ne Kareem. Kofi shida kamar Jordan, gwarzon kaka sau shida, abin da ba wanda ya kai. Ya zama gwarzon wasan ƙarshe a 1971 da Milwaukee, ya sake a 1985 da Lakers yana da shekara 38. Laifinsa shi ne jifarsa ta lauje, wadda yake ɗaga hannu sama ya saki ƙwallo ta gefe, ba ta da armashi a gajeren bidiyo, ga shi mutum ne mai kame kai da bai iya zaƙin baki da 'yan jarida ba. An haife shi Lew Alcindor, ya musulunta, ya bayyana sabon sunansa a 1971, a lokacin da hakan ba ya ƙara wa ɗan wasa farin jini a Amurka.

Akwai kuma wanda ya kamata mu a Zango mu fi kowa sani, amma sunansa ba ya yawan fitowa. Hakeem Olajuwon ɗan Legas ne, an haife shi a 1963. Golan ƙwallon ƙafa ne kuma ɗan ƙwallon hannu, bai taɓa ƙwallon kwando ba sai da ya zama saurayi. Ya tafi Jami'ar Houston, kuma a zaɓen sababbin 'yan wasa na 1984 shi aka ɗauka na ɗaya, Jordan na uku. Abin mamaki, har yau ba a cika jin mai cewa Houston Rockets ta yi kuskure ba.

A 1994 ya haɗa abu uku a kaka ɗaya: gwarzon kaka, gwarzon mai tsaro, da gwarzon wasan ƙarshe. Ba wanda ya riga shi yin haka. Ya ci kofin ne kuma babu wani tauraron shekara a ƙungiyarsa in ba shi ba, ya doke New York Knicks ta Patrick Ewing a wasa na bakwai. Masu rage masa daraja sukan ce ai Jordan ba ya nan, ya ajiye wasa bayan kisan mahaifinsa a 1993. Wannan uzuri bai rufe 1995 ba, domin Jordan ya dawo a watan Maris, Orlando Magic ta Shaquille O'Neal ta fitar da shi, ita kuma Houston ta share Orlando huɗu ba ko ɗaya. Kafin nan Houston, wadda ta shigo a matsayi na shida a yankinta, ta bi ta kan Utah da Phoenix da San Antonio, kowacce ta ci wasa sama da hamsin a kakar. David Robinson na San Antonio shi aka bai wa gwarzon kaka a shekarar, Hakeem ya yi ta zuba masa sama da maki 35 a matsakaici, yana juya shi hagu da dama da irin sarrafa ƙafar da ya taho da ita daga filayen Legas. Daga baya Kobe da LeBron duk sun je wurinsa koyon wannan takun.

A watan Fabrairun wannan shekarar ta 1995 azumi ya kama, Hakeem yana wasa da azumi a bakinsa, kuma shi aka zaɓa gwarzon watan. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo da la'asar a Ramadan ya san abin da ake nufi. Ƙwallo 3,830 ya kaɗe, ba wanda ya kai shi tun da aka fara ƙidaya, kuma tun 2022 kofin gwarzon mai tsaro sunansa yake ɗauke da shi. Wani abu da nake ganin yana da hannu a rashin jin sunansa shi ne, lokacin da takalman taurari ke haura dala ɗari, shi ya sa sunansa a kan na kamfanin Spalding mai kusan dala 35, don talaka ya iya saya wa ɗansa. Takalmi mai araha ba ya zama abin alfahari a titi, sunan da ke jikinsa ma haka.

To ga nawa jerin, tunda ba kyau mutum ya soki na wasu ya ɓoye nasa. Jordan, LeBron, Kareem, Russell, sai Magic Johnson mai kofi biyar da Lakers. Bayansu Tim Duncan, wanda ya ci biyar da San Antonio ba hayaniya, sai Hakeem, Larry Bird, Chamberlain da Curry. Na san inda rigimar take: babu Kobe Bryant. Ina girmama maki 81 da ya ci a wasa ɗaya a 2006, kuma rasuwarsa a haɗarin jirgi mai saukar ungulu a 2020 ta girgiza duniya. Amma sau ɗaya ya zama gwarzon kaka, kuma a kofuna ukun farko cikin biyar ɗinsa Shaquille ne gwarzon wasan ƙarshe. Ƙauna daban, awo daban.

Jerin nan kuma ba zai daɗe a haka ba, don ƙofar da Hakeem ya buɗe ta ƙi rufuwa. Daga 2019 zuwa 2025 babu haifaffen Amurka da ya zama gwarzon kaka. Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne da suka yi ƙaura zuwa Girka, ya ɗauka sau biyu, ya ci kofi a 2021 da maki 50 a wasan ƙarshe. Joel Embiid na Kamaru ya ɗauka a 2023, Nikola Jokić na Sabiya sau uku, sai Shai Gilgeous-Alexander na Kanada. A ɓangaren shugabanci, Masai Ujiri da ya tashi a Zariya, ya koyi wasan a can, shi ya gina Toronto Raptors da ta ci kofin 2019. A 2021 Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas, a shekarar da aka buɗe gasar ƙungiyoyin Afirka ta BAL a Kigali. Ghana tana baya a wannan tafiya. Ben Bentil na Sekondi-Takoradi, wanda Boston ta zaɓa a 2016, ya ɗan taka filin NBA da Dallas a 2017, wasa uku, sannan ya koma buga wasa a wasu ƙasashe.

Cikin masu wasa yanzu Jokić ne ya fi kusa da shiga goman nan. Kofinsa ɗaya ne, na 2023 da Denver, kuma tsaronsa bai kai na Hakeem ko Duncan ba, amma ba a taɓa ganin dogo mai raba ƙwallo irinsa ba. In ya ƙara kofi, wani zai tashi ya ba shi kujera, kuma da mudun da na ɗauka Chamberlain ne zai tashi, duk da maki ɗarinsa.