Fim Ɗin da Ya Ƙi Ceton Jarumarsa

A mintunan ƙarshe na Òlòtūré, wani editan jarida mai suna Emeka yana ta kutsawa cikin cunkoson iyakar Seme yana neman wata mota. A cikin motar akwai ma'aikaciyarsa, wadda ta ɓad da kama ta shiga cikin karuwan Legas don ta tona asirin masu safarar mata zuwa Turai. Duk wanda ya saba da finafinan Najeriya ya san abin da ya kamata ya biyo baya: jiniyar 'yan sanda, ankwa a hannun mugu, rungumar juna da hawaye. Sai motar ta tsallaka Jamhuriyar Benin da yarinyar a ciki, fim ya ƙare a nan.

Ranar 2 ga Oktoba 2020 Netflix ta saki fim ɗin, kusan shekara guda bayan an fara nuna shi a bikin finafinai na Carthage a Tunisiya. Kamfanin EbonyLife na Mo Abudu ne ya shirya shi, Sharon Ooja ta fito a matsayin 'yar jaridar, Omoni Oboli kuma ta zama Alero, dillaliyar da ke tara 'yan mata tana karɓar kuɗinsu. Wanda ya ba da umarni, Kenneth Gyang, maƙwabcin mutanen Kudancin Kaduna ne: ɗan Filato, wanda ya yi karatun fim a Jos, tafiyar 'yan awoyi kaɗan daga Kafanchan. Masu kallon finafinan Hausa sun san hannunsa tun Blood and Henna, wanda ya taɓo gwajin maganin Pfizer a kan yaran Kano a 1996, sannan Confusion Na Wa, da Ali Nuhu a ciki, ya ci kyautar gwarzon fim ta Afirka a 2013. Mutum ne da bai saba lallashin mai kallo ba.

Masu sharhi da masu kallo ba su tsaya a wuri ɗaya ba. Mafi yawan masu sharhi sun yaba da ƙarfin halin fim ɗin, da yadda ya nuna ɗakunan karuwai da ƙazantarsu, da wasan Omowunmi Dada wadda ta fito a matsayin Linda. Inda suka yi ƙorafi shi ne ginin jarumar: ta yaya 'yar jarida mai hankali za ta shiga irin wannan rami ba wani tsarin kariya, ta kuma ƙi fita bayan wani babban mutum ya zuba mata ƙwaya ya yi mata fyaɗe? Su kuwa masu kallo, ba wannan ne ya fi cin ransu ba. Ƙarshen ne. An yi ta tambayar ina kashi na biyu, kamar dai an sayar musu da rabin kaya.

Wannan fushi yana da asali. Shekaru aru-aru na tatsuniya, da shekaru talatin na finafinan Legas da na Kano, sun koya wa mai kallo cewa labari bashi ne da ake biya a ƙarshe. Azzalumi ya haukace ko ya tuba, marainiya ta auri ɗan sarki, a rubuta godiya ga Allah a fuskar talabijin. A Kafanchan, inda fim ɗin coci da na Kannywood suke zama a waya ɗaya, al'adun biyu sun yi tarayya a wannan: dole a ga sakayya kafin a tashi. Gyang ya hana mai kallo wannan, kuma alƙaluma suna bayansa. Hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ƙirga matan Najeriya kimanin 1,500 da suka isa Italiya ta teku a 2014. A 2016 sun haura 11,000, kuma hukumar ta ƙiyasta cewa kashi 80 cikin ɗari nasu na iya kasancewa kayan masu safara ne. A Nuwamban 2017 an binne 'yan matan Najeriya 26 a Salerno bayan an tsamo gawarwakinsu daga teku. Babu editan da ya bi motarsu da gudu.

Kasuwa dai ta nuna abin da take so. A 2023 wani fim na Amurka, Sound of Freedom, wanda jaruminsa ke kutsawa daji ya ƙwato yara daga hannun masu safara, ya tara sama da dala miliyan 200, duk da cewa ƙwararru a fannin sun yi ta cewa ba haka safara take ba, yawanci ba baƙo ne ke sace yaro ba, wanda aka sani ne ke miƙa shi. Mutane za su biya kuɗi su kalli ceto. Kallon rashin ceto kuwa sai an daure.

Sai kuma maganar tsiraici, wadda ta fi ƙarfi a Arewa. Akwai wurin da aka tuɓe 'yan matan a gaban boka ana ɗaure su da rantsuwa, akwai wurin fyaɗe, akwai wurin da aka sare kan Linda a gaban ƙanwarta Beauty don an kama ta da waya. Ga iyali da yawa, Musulmi da Kirista, wannan kaɗai ya isa a ce ba fim ɗin da za a kalla a falo ba ne. Ba za a ce ba su da hujja ba. Har cikin masu sharhi akwai masu tambayar ko kyamarar da ta daɗe a kan jikin mace tana tona asirin cin zarafi ne ko tana sayar da shi. Amma abin da ya biyo baya a watannin nan ya nuna inda ma'aunin jama'a ya karkata. A Nuwamban 2020, wata guda bayan fitowar fim ɗin, hoton Rahama Sadau da rigar da ta bar bayanta a buɗe ya tayar da ƙurar da ta kai ta ga fitowa tana kuka tana neman gafara. A ranar ƙarshe ta Disamba hukumar tsara birane ta Kaduna ta rushe wani gidan cin abinci a Sabon Tasha saboda wata sanarwa da ta yaɗu cewa za a yi bikin baɗala a wurin. Rigar mace ɗaya da takardar talla ɗaya sun motsa hukuma da malamai cikin kwanaki. Cinikin 'yan mata, wanda ba ya zuwa da hoto, bai taɓa samun irin wannan hanzari ba.

Rigima ta uku ta zo daga inda ba a zata ba. Tobore Ovuorie, 'yar jaridar da ta yi ainihin wannan kasada ta buga rahotonta a Premium Times a Janairun 2014, ta fito ta ce rayuwarta aka kwashe aka yi fim ba da yardarta ba. EbonyLife ta ce ta sayi haƙƙin rahoton daga jaridar, kuma labarin ƙagagge ne da ya samo tushe daga wurare da dama. Ko ma wa ke da gaskiya a shari'ance, mutane da yawa sun ga abin mamaki a ciki: fim a kan cin gumin mata, ga macen da ta tsira da ƙyar a Kwatano tana cewa an ci nata gumin. Makonni aka yi ana wannan muhawara, har ta kusa danne maganar safarar kanta.

To ina Kafanchan a cikin wannan duka? A kallon farko, babu ita. Fim ɗin na Legas ne, harshensa Turancin buroka, rantsuwar bokansa ta ƙasar Edo ce, irin wadda Oba na Benin, Ewuare na Biyu, ya tara bokaye a fadarsa ya warware a Maris 2018. Mai kallo a Kagoro ko Zonkwa zai iya girgiza kai ya ce Allah ya kyauta, wannan halin mutanen Kudu ne da son zuwa Italiya. Wannan shi ne babban lahanin da fim mai tsananin duhu yake yi ba da niyya ba: yana sa mugunta ta yi kama da abin da ke faruwa can nesa, da adda da jini, ta yadda wadda ke faruwa a tsakar gida da sallama da ledar tsaraba ba za a gane ta ba.

Amma akwai zare ɗaya a fim ɗin da duk ɗan Kudancin Kaduna zai gane, in ya lura. Ba Alero ce ta je ƙauye ta ɗauko Beauty ba. Yayarta Linda ce ta kira ta, da kyakkyawar niyya, don su je Turai su fitar da uwarsu daga talauci. Haka abin yake zuwa a nan. Wata anti ce da ta dawo Kirsimeti daga Abuja ko Legas ko Fatakwal, 'yar gari, wani lokaci 'yar majami'a ɗaya ko 'yar dangi, ta durƙusa ta gaida Mama, ta ce akwai wata madam mai neman yarinya mai hankali, za a sa ta makaranta. Yankin ya daɗe da yin suna wajen fitar da 'yan aiki zuwa gidajen manyan birane. Ba kowace 'yar aiki ce aka yi safararta ba, wasu sun yi karatu ta wannan hanya har sun riƙe gidajensu. Sai dai hanyar ɗaya ce, dillalan ma sau da yawa su ne, kuma yarinyar da albashinta ke shiga hannun anti, ba ta da kuɗin motar komawa, ba ta da lambar kowa, tazarar da ke tsakaninta da ɗakin otal ba ta da yawa. Dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 2003 da ta kafa hukumar yaƙi da safarar mutane ta NAPTIP, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida. Mutum nawa ne a tashar motar Kafanchan suka taɓa jin wannan?

Dalilan da ke tura yaran ba ɓoyayyu ba ne. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun 1927, mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos. Da jirgi ya mutu, aikin yi ya bi shi. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya cinye kasuwar garin, ya bar zawarawa da marayu a ɓangarorin biyu, daga Zonkwa zuwa Matsirga. A 2016 aka kai hare-haren Godogodo da Goska, a 2020 ƙauyukan Zangon Kataf suka cika sansanin gudun hijira a Zonkwa, watanni kaɗan kafin fitowar fim ɗin. Sannan a 2023 cutar da ta faɗa wa citta ta lalata gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko, amfanin da dubban gidaje ke biyan kuɗin makaranta da shi. Uwar da ke kwana a ajin firamare da 'ya'ya biyar ba ta buƙatar boka ya ɗaure 'yarta da rantsuwa. Kunyar dawowa hannu rabbana ta isa.

Kuma ba Kiristocin yankin kaɗai ba. Hausawa suna da nasu sunayen ga wannan ciniki tun kafin Netflix: 'yan Kano-Jidda, takari, magajiya, kawali. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada kusa da Arlit, mafi yawansu mata da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya. A Janairun 2019 shugabar NAPTIP ta lokacin, Julie Okah-Donli, ta ce akwai 'yan matan Najeriya kimanin 20,000 da aka tilasta wa karuwanci a Mali, da yawansu a wuraren haƙar zinariya. Ba Turai aka kai su ba, ba su ma ga teku ba.

Me fim ɗin ya canza? A hukumance, da wuya a nuna wani abu. Dokar Kaduna mai tsanani a kan fyaɗe, wadda ta tanadi dandaƙa, Gwamna Nasir El-Rufai ya sa mata hannu a Satumban 2020, kafin fim ɗin ya fito. Cibiyar Salama da ke asibitin Patrick Yakowa a Kafanchan, inda ake karɓar waɗanda aka ci zarafinsu, ita ma ta riga shi. Abin da ya yi shi ne ya sa masu kuɗin data da katin banki suka yi magana na 'yan kwanaki, kafin zanga-zangar EndSARS ta kwashe hankalin kowa. Nan ma akwai gyara. Waɗanda suka fi buƙatar gargaɗin su ne suka fi nisa da Netflix. In fim ya iso Gidan Waya ko Manchok, ta shagon masu turi yake isowa, a katin waya, tsakanin waƙoƙi da finafinan Indiya masu fassarar Hausa, kuma sau da yawa guntayen da suka fi yawo su ne na tsiraicin, ba na Linda da ƙanwarta ba. Kannywood, wadda ke da harshen da Bajju da Atyap da Ham da Fulani duk suke ji, tana ƙarƙashin hukumar tace finafinai ta Kano tun 2001, kuma furodusan da ya gwada nuna ɗakin magajiya yadda yake ya san ba zai wuce teburin tacewa ba.

Masu neman kashi na biyu sun samu a Yunin 2024, lokacin da Netflix ta saki Òlòtūré: The Journey, kashi uku, da Gyang a kujerar umarni. Wannan karon labarin ya ratsa Nijar ya nufi Libiya, ta hanyar da direbobinta da masu masaukinta da yawa Hausa suke yi. Watanni bakwai kafin nan, a Nuwamban 2023, gwamnatin soja a Yamai ta soke dokar 2015 da ta haramta jigilar baƙin haure, motocin Agadas suka koma fita a fili. Beauty, wadda ta tsere a iyakar Seme a fim na farko, ta koma gida, amma tserewar ba ta zama ƙarshen wahalarta ba. Jarumar ma ba a cece ta ba, kuma masu kallo suka sake tambayar yaushe za a ci gaba.