Fenti ya bushe amma bai nuna ba: abin da jeren 'yata ya koya mini

Shekara 27 ke nan ina zaune a Kumasi, ina kawo albasa daga Galmi da Madawa ina sayarwa. A tsawon wannan zama na sauya gidan haya sau biyar, kuma kowanne sai an yi masa fenti kafin mu tare. Ban taɓa tambayar mai fenti kwana nawa za a jira ba. Abin da na sani kawai in ɗora tafin hannu a bango, in fentin bai biyo ni ba, in ce wa yara su shigo da kaya. Auren 'yata ta fari ne ya raba ni da wannan ɗabi'a, bayan ya ci mini kuɗi, ya kuma kusa ɓata tsakaninmu da surukai.

An sa bikin a watan Yuni, ruwa na ta zuba kusan kullum. Angon yaron kirki ne, ya kama ɗaki da falo a Aboabo, amma kuɗin haya da na lefe suka wanke masa aljihu, bai samu na fenti ba sai satin biki. Ranar Laraba aka yi shafa ta farko, Alhamis ta biyu. Sama fentin ruwa, daga ƙugu zuwa ƙasa fentin mai, mai sheƙi, kamar yadda ake yi a gidajen zango da yawa. Juma'a da hantsi 'yan jere suka iso. Kun san halin iyayenmu mata da jere: ba a barin ko tsagin da allura za ta shiga. Aka danna wadrob da gado da kujeru jikin bango, aka rataye labule, aka rufe tagogi saboda ruwa, aka kulle ɗaki.

Bayan mako uku yarinyar ta kira ni, muryarta na rawa. "Baba, ɗan kunnena ne ya faɗa bayan gado, muka ja gadon, sai bango ya biyo shi." Na je na gani da idona. Fentin ya ɗaye kamar fatar dafaffen dankali, ya manne a allon gado. Bayan doguwar kujera duk kore shar, ledar da aka lulluɓe ta da ita ta haɗe da fentin. Da muka ja wadrob kuwa, sai warin gumi da ɗigon baƙar funfuna.

Nan magana ta tashi. Uwar ango ta ce kayanmu ne suka lalata wa ɗanta bango. Uwargidana ta ce, "Alhaji, kayan da muka yi shekara biyu muna tara wa kuɗi, fentinsu na araha ya ɓata, sannan mu ne da laifi?" Mai gidan haya shi ma ya leƙo ya ce a mayar masa da bangonsa yadda yake. Kafin a ce haka, amarya da ango sun fara amsa wa juna da ƙyar.

Na ɗauko wani dattijon mai fenti da muke salla masallaci ɗaya. Ya duba, ya danna farcensa a bangon, sai ga shatar farce ta fito. Ya ce, "Alhaji, fentin nan ba shi da laifi, kayan ma ba su da laifi. Ya bushe ne amma bai nuna ba. Ko siminti ai sai ya yi kwana 28 magina ke cewa ya kai ƙarfinsa." Daga bakinsa, da abin da na yi ta karantawa a jikin gwangwanayen fenti daga baya, na fahimci abin da zan faɗa muku.

Bushewa da nuna

Fentin ruwa, wanda masu aikin ke kira imalshan, ruwan cikinsa ne ke fara tashi. Cikin awa ɗaya zuwa biyu samansa ya daina kama hannu. Bayan kamar awa 4 ana iya yin shafa ta biyu. Amma ƙwayoyin robar da ke riƙe launin suna ci gaba da haɗewa a hankali, kuma fentin ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan mako biyu zuwa kwana 30.

Fentin mai kuwa ya fi jinkirin bushewa: awa 6 zuwa 8 kafin ya daina kama hannu, awa 16 zuwa 24 kafin a ƙara wata shafa. Shi iska yake sha ya yi tauri, kuma yakan ɗauki mako guda ko fiye. To ka ga wanda ya toshe shi da wadrob ya hana shi abin da yake buƙata. Abin da ya faru a ɗakin 'yata ke nan: sama ya yi ɓawo, ciki yana nan da laushi, nauyin kaya ya danne shi mako uku.

Waɗannan lokuta na ɗaki ne mai iska, ba danshi. Kowane kamfani yana rubuta nasa a jikin gwangwani. A sa yaro ɗan makaranta ya karanta, da Turanci ne ko da Faransanci.

Garin da kake shi ke ƙara ko rage kwanaki

Mu da muka taso a Arewa mun saba da busasshiyar iska, shanya ta bushe kafin azahar. Sai mu zo Kumasi ko Akara ko Duwala ko Abijan da wannan lissafi a ka. Kumasi damina biyu gare ta, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Satumba da Oktoba. Duwala ta fi ta ruwa nesa. Idan iska ta cika da danshi, ruwan fenti ba ya samun inda zai tashi ya tafi, don haka duk abin da gwangwani ya ce, ka ninka shi ka huta.

'Yan'uwa da ke Yamai ko Maraɗi ko Injamena matsalarsu daban ce. A zafin Maris zuwa Mayu saman fenti na bushewa da sauri fiye da kima, ya bar shatar buroshi, wani lokaci ya tsattsage. Gara a yi aikin da sassafe. Da hunturu kuma ƙura ce ke mannewa a ɗanyen bango, sai a rufe tagar da iska ke bugowa a bar ɗaya.

Idan sabon gini ne ko sabuwar filasta, a bar ta kamar wata guda kafin fenti ya hau. Danshin da ke cikin siminti sai ya fito, in ya tarar da fenti ya kumbura shi.

Yaushe za a mayar da kaya?

Ga yadda nake yi yanzu. Kwana biyu zuwa uku na farko ba mai kwana a ɗakin, musamman jarirai da masu ciki da masu ciwon asma, balle in fentin mai ne da aka tsinka da tina ko kananzir. Tagogi a buɗe in ba ruwa ake ba, fanka tana juyawa, amma ba a saita ta kai tsaye a bango ba.

Bayan kwana biyu ana iya shigo da kaya, a tara su tsakiyar ɗaki ko a bar taƙi guda tsakaninsu da bango. Manyan kaya irin su wadrob da gado da kujeru ba sa taɓa bango sai bayan mako biyu in rani ne, wata guda in damina ce. Kujerar leda da duk wani abu na roba sun fi komai mannewa, su ne na ƙarshe. Hotuna da agogo da kalanda su jira mako biyu. Wanke bango da tsumma ya jira wata guda. Ƙofa da taga da aka yi wa fentin mai kada a rufe su gam a daren farko, za su manne da firam.

Kafin ka tura kaya, nemi lungun da ido ba ya kaiwa ka danna farce. In ya bar shata, da saura. Kuma ka gaya wa mai fenti ya yi shafa biyu marasa kauri. Shafa ɗaya mai kauri don a gama da wuri ita ce ta fi daɗewa ba ta nuna ba.

Na san wani zai ce, "Malam, biki ba ya jira, mai gida ya ba ni notis." Gaskiya ne. In ya zama dole, zaɓi fentin ruwa, ka sa a jera kaya da tazara, ka sa ɗan katako a ƙasa tsakanin ƙafar gado da bango don kada a tura shi. Ko bayan fenti ya nuna, a garuruwan danshi barin yatsu huɗu a bayan wadrob yana hana funfuna.

Ɗakin 'yata sai da aka kankare shi aka sake. Ni na biya fenti, angon ya biya aiki, suka yi wata guda gadonsu na tsakiyar ɗaki. Na kai dattijon gaban uwar ango da uwargidana ya maimaita bayaninsa, suka yi shiru, daga baya suka yi dariya. Kujerar dai har yau da tabonta, an rufe shi da mayafi.

Bana ƙanwarta za ta yi aure. Da iyayen yaron suka zo sa rana, bayan an gama maganar sadaki na ce ina da sharaɗi ɗaya: a gama fenti wata guda kafin ranar jere. Baffan yaron ya yi murmushi, ya ce bai taɓa jin irin wannan sharaɗi ba. Na ce masa sauri ya haifi nawa, sannan na ba shi labarin ɗan kunne.