Shekspiya: Ɗan Badukun Da Ya Zama Sarkin Marubuta

Duk lokacin da jarrabawar adabin Ingilishi ta gabato, sai mu ga 'ya'yanmu suna ɗari-ɗari da sunan Wiliyam Shekspiya kamar an ambaci dodo. To, jama'a, mutumin nan ba don masana ya yi rubutunsa ba.

An haife shi a garin Stratford na ƙasar Ingila a 1564. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka safar hannu ta fata, shi kuwa bai taka ƙofar jami'a ba. Ya yi aure yana da shekara 18, daga baya ya tafi Landan neman abinci, ya shiga ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo. A 1599 suka gina gidan wasa mai suna Globe, inda ɗan dako kan biya kwabo ɗaya ya tsaya a fili, masu hali kuma su ƙara kuɗi su zauna a rumfa. Dole wasa ya gamsar da su duka. Shi ya sa za ka ga sarki yana zance mai nauyi, can sai ga wawa ya shigo da ban dariya. Ingilishinsa da ke ba ɗalibanmu wuya tsufa kawai ya yi.

Da ya rasu a 1616, kusan rabin wasanninsa ba a taɓa buga su ba. Abokan aikinsa biyu, John Heminges da Henry Condell, su suka bi takardu suka tattara wasanni 36, aka buga su a littafi guda a 1623. Guda 18 daga ciki a nan suka fara fitowa, har da Macbeth da Julius Caesar. Da ba don su ba, da mai yiwuwa waɗannan sun bi shanun sarki. A ganinmu ba a yi wa mutanen nan biyu godiyar da ta kamace su ba.

Afirka ma ta karɓe shi da bakinta. Julius Nyerere na Tanzaniya, wanda shi ma malamin makaranta ne, ya mayar da Julius Caesar zuwa Suwahili a 1963. Ibrahim Yaro Yahaya kuwa ya fassara Twelfth Night zuwa Hausa da sunan Daren Sha Biyu. Iyayen da ke zuwa fatauci Kano ko Zariya, a leƙa shagunan littattafai a tambayo mana shi, domin a nan wurinmu samunsa sai an tona.