Vim9: Tsohon Yaren Bai Mutu Ba

Tun da aka fitar da sigar 9.0 ta Vim, manhajar gyara rubutu, a watan Yunin 2022, ake ta yaɗa magana tsakanin masu rubuta manhaja cewa tsohon yaren Vim ya gama yayi, wai duk wanda ya sabunta, fayil ɗinsa na saituna, wato vimrc, zai daina aiki. Wannan ba gaskiya ba ne. Sabon yaren, Vim9 script, ba ya tsoma baki sai an gayyace shi: ko dai a rubuta vim9script a farkon fayil, ko a buɗe aiki da def maimakon function. Fayil ɗin da babu ɗayan biyun nan a cikinsa, Vim zai karanta shi yadda ya saba shekara da shekaru. Takardun manhajar ma sun faɗa ƙarara cewa babu shirin jingine tsohon yaren.

Inda maganar take da ƙamshin gaskiya shi ne, da zarar ka shiga sabon yaren, ƙa'idoji sun sauya ba kaɗan ba. Da var ake kafa suna, ba da let ba. Alamar # ce take buɗe sharhi. Ɗigo biyu (..) ne ke haɗa rubutu da rubutu, a: ɗin nan da ake liƙa wa abin da aka miƙa wa aiki kuma an sallame shi. Har sarari ya zama doka: rubuta var x=1 ka ga kuskure, var x = 1 kuwa ya wuce lafiya.

Mai ƙorafi zai ce, me ya sa za a rushe abin da hannu ya riga ya saba? Ina ganin amsar Bram Moolenaar, ɗan ƙasar Holan da ya ƙirƙiri Vim, tana da ƙarfi. Tsohon yaren yakan sake fassara kowane layi duk sa'ad da ya zo kansa, ko da sau dubu ne. Aikin def kuwa sau ɗaya ake sarrafa shi ya koma gajerun umarni, kuma a lokacin ake tantance nau'in abubuwa tun da wuri, lamba ce ko rubutu. Tsaurin ƙa'idar shi ne kuɗin saurin. Sai dai masu cewa komai zai ninka sauri sau 100 sun yi ƙari. Takardun sun ambaci ninki 10 zuwa 100, kuma a lissafi mai maimaituwa ake ganinsa. Vimrc mai 'yan layukan set ba zai ji wani bambanci ba.

Ƙorafin da na yarda da shi ɗari bisa ɗari na rabuwar kai ne. Neovim, manhajar da ta samo asali daga Vim, ba ya karanta Vim9 script, Lua ya zaɓa. Wanda ke son abin da ya rubuta ya yi aiki a manhajojin biyu, tsohon yaren ne ya rage masa. Wannan kaɗai ya isa ya sa a daɗe ana amfani da shi. Shi ma sabon bai tsaya da rasuwar Moolenaar a watan Agustan 2023 ba, domin Vim 9.1 ya fito a Janairun 2024 ɗauke da class da object.