Tasirin Jan Manyan Layukan Lantarki a Kan Hanyoyin Sufuri

1.0 Gabatarwa

Ba a inda ake amfani da wutar lantarki ake samar da ita ba. Madatsar ruwa ta Kainji, wadda aka kammala a 1968, da ta Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990, duk a Jihar Neja suke, amma sai wutarsu ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta haskaka Kano. Daga Shiroro babban layi mai ƙarfin kilobolt 330 yakan kai ta tashar Mando da ke Kaduna, daga nan kuma zuwa Kumbotso. Ta wannan shiyya ce titin Kaduna zuwa Kano ya ratsa, haka ma layin dogon da ya iso Kano a 1911. Da yake layin wuta miƙewa yake yi, hanya kuwa takan karkata ta bi gari-gari, tilas ne su riƙa gittawa juna.

Ya kamata ɗalibi ya bambanta falwaya, wato turken da ke ɗauke da wayar cikin unguwa, da dogayen turakun ƙarfe masu ƙafa huɗu da ake gani a daji. A kan na biyun wannan bayani ya ta'allaƙa.

1.1 Dakon Kayan Aiki

Tun kafin a ɗaura waya hanya take fara jin jiki. Babbar taransifoma takan haura tan 100, don haka sai a doguwar tirela mai ƙafafu barkatai, tana tafiyar hawainiya, motoci sun yi jerin gwano a bayanta. Akan auna ƙarfin kowace gada kafin a hau ta. Hanyoyin karkara ma ba su tsira ba, domin motocin siminti da ƙarafa sukan kwaɓe su da damina, su bar mai amalanke da ɗan acaɓa cikin taɓo.

1.2 Tsallakar da Waya

Nan ne gundarin aikin yake. A daji, idan waya ta kuɓuce ƙasa kawai za ta faɗa. A bisa titi kuwa, faɗuwarta na nufin rai. Saboda haka akan kafa dakali na ƙarfe ko na katako a kowane gefen hanya, a shimfiɗa raga a tsakaninsu. Sai a fara tsallakar da siririyar igiya, ita ta jawo wadda ta fi ta kauri, sannan inji ya jawo wayar kanta a ɗame, ba tare da ta taɓa ƙasa ba. A lokacin kafa ragar da cire ta akan tsayar da motoci na ɗan lokaci. Ɗan kwangilar da ya san ƙasar ba zai sa wannan aiki ranar kasuwa ba, ko lokacin da makiyaya ke bin burtali da garkensu. Wanda bai tambayi mai unguwa ba, shi ne yakan tara jama'a a rana.

Lamarin jirgin ƙasa ya fi haka tsanani. Ana iya ɗaga wa direban mota tuta ya taka birki, amma jirgin da ya ɗauko gudu sai ya ci tazara mai yawa kafin ya tsaya, kuma ba shi da damar kaucewa. Ke nan dole a nemi izinin Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya, a yi aikin a tsakanin wucewar wannan jirgi da zuwan wancan.

1.3 Bayan An Kwashe Kayan Aiki

Mutane da dama sun ɗauka da an sako wuta magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Ƙarfe yakan miƙe idan ya ji zafi, shi ya sa waya takan ƙara sassautowa a watannin Maris da Afrilu, musamman idan ana jan wuta da yawa. Injiniya yakan auna tsayinta daga titi bisa la'akari da ranar da ta fi zafi. Sai dai wannan lissafi yakan rushe idan daga baya aka cike titin aka ɗaga shi, ko aka labta wa babbar mota buhuna har suka yi tozo, yaran mota kuma suka haye bisa. Wuta mai irin wannan ƙarfi ba ta jiran a taɓa ta, takan yi tsalle idan an kusance ta.

Haka kuma ƙa'ida ta keɓe fili mai faɗin mita 50 a ƙarƙashin layin kilobolt 330, da mita 30 ga na 132, inda aka hana gini. Amma hanyar da aka share don kai kaya gindin turaku takan zama hanyar gona, wadda alheri ce ga manomi. Sannu a hankali sai mai shayi ya kafa teburi a mahaɗar, bakanike ya biyo shi, wurin ya koma tasha, alhali waya tana bisa kawunansu.