In Injin Jirgi Ya Daina Fitsari, A Kashe Shi

Yau maganarmu ta masu jiragen ruwa ce: masuntan Gaya, masu ɗaukar kaya ranar Lahadi zuwa kasuwar Ayaru, da na bakin tafkin Cadi. Da yawa sun sayar da shanu ko shinkafar shekara suka sayi inji mai doki 15 ko 40, irin Yamaha. Amma wata ƴar roba da ba ta kai tafin hannu ba tana iya halaka wannan dukiya cikin minti kaɗan.

Injin jirgi ba shi da tankin ruwa irin na mota. Ruwan kogi yake sha. A ƙafarsa, kusa da farfela, akwai ƴan ramuka masu raga. Ta nan ruwa ke shiga. Bisansu akwai famfo. Cikin famfon akwai roba mai fukafukai, makanikai na ce mata turbin. Ita ke tura ruwa ta bututu zuwa kan inji, ya sanyaya shi, ya fita. Kaɗan daga ruwan yana tsartowa ta wani ɗan rami a gefe. Shi ake ce wa fitsarin inji, shi ne shaidar lafiyarsa.

Kogin Isa ba ya tausayin wannan famfo. Daga Afrilu zuwa Yuni ruwa na ja baya, ƙafar inji na sharar yashi. Manya ba su manta Yunin 1985 ba, da kogin ya daina gudu a Yamai. Da damina kuma Sirba, Dargol da Gorol suna kawo jan ruwa mai laka. Ga kainuwa, ga leda. Yashi na cin roba kamar zarto.

In fitsarin ya ragu, ko ya tsaya, ko tururi ya maye gurbinsa, a kashe inji nan take. Kada a ce bari mu kai gaci. In kai ya yi zafi ƙwarai, fistan na kamewa, gyaransa kuwa kuɗi ne mai yawa. Kada a watsa masa ruwan sanyi, ƙarfen na iya tsagewa. Sai a bi waɗannan hanyoyi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya:

1. A ɗaga ƙafar inji, a duba ragar. A cire leda, ciyawa da laka. A mayar da ƙafar cikin ruwa, a jira ya huce, a tada shi. Sau da yawa shi ke nan.

2. In bai yi fitsari ba, a kashe, a zura zaren nailan mai kauri na kamun kifi cikin ɗan ramin. Tsakuwa na toshe shi. Injin da ya daɗe a ɗaki kuma zanzaro kan yi masa gini a ciki. Kada a sa ƙusa, tana huda tiyo.

3. In har yanzu shiru, a ɗauki filafili da gora a kai gaci. Sauran aikin na tudu ne. A buɗe tarmosta da ke kan inji, ita ce ƙofar da ke buɗe wa ruwa in zafi ya kama. A wanke yashin da ya taru. A jefa ta cikin ruwan zafi. In ba ta buɗe ba, ta mutu, sai sabuwa.

4. A kwance bulon ɗin ƙafa, a raba sandar giya, a sauke ƙafar, a buɗe famfo. In fukafukan robar sun tsage, ko sun lanƙwashe ba sa miƙewa, a canza ta. In wani ya karye, a nemo guntunsa, don yakan maƙale cikin bututu ya toshe wa sabuwar hanya. Kwanon ƙarfen da robar ke juyi ciki, in yashi ya yi masa zane mai zurfi, shi ma a canza.

5. Wajen mayarwa, kada a manta ɗan ƙarfen da ke kulle roba da sanda. In babu shi, sanda za ta yi ta juyi, roba na tsaye. A danna murfi ana juya sandar yadda hannun agogo ke tafiya, don fukafukai su kwanta daidai. A tabbata bututu ya shiga bakin famfo.

Gwaji cikin ruwa ake yi, a kogi ko cikin tano, ruwan ya rufe wurin famfo. Na sha ganin samari suna tada inji a tudu don su ji ƙararsa. Ruwa shi ne man robar nan, in babu shi ba ta cika minti guda ba ta ƙone ba. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A ruwa mai yashi irin namu, a canza roba sau ɗaya a shekara, ko da ba ta nuna komai ba. A ajiye wata sabuwa cikin jirgi, nesa da rana, tare da kile da zaren nailan. A wuri maras zurfi a ɗaga ƙafa, a tura da gora. Kowace safiya kuma, kafin mata da yara su shiga jirgi, mai tuƙi ya waiwaya ya ga fitsarin inji, ya tara hannu. In ruwan na da ɗumi kaɗan, bismilla. In yana ƙuna, tafiya ta fasu.

Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa mai jirgi.