Dalar 1804: Tsabar azurfar da shekararta ke ƙarya

Daga cikin dalolin azurfa da aka sani masu ɗauke da shekarar 1804, babu ko ɗaya da aka buga a waccan shekarar. A 1834 ne gwamnatin Shugaba Andrew Jackson ta umarci gidan buga kuɗi na Filadelfiya ya haɗa jerin tsabar kuɗin Amurka domin kai wa Sarkin Siyam da Sarkin Maskat kyauta. Jami'ai suka duba kundi, suka ga tun 1804 rabon da a buga dala, sai suka sassaƙa hatimi da wannan shekarar. Takwas ne suka rage daga bugun farko.

Da masu tara tsofaffin kuɗi suka fara rububinta, wajen 1858 wasu ma'aikatan gidan suka ƙara buga wasu a asirce da hatimin gwamnati, suka sayar, riba ta shige aljihunsu. Guda ɗaya daga cikinsu a kan wata tsabar Suwizalan ta 1857 aka buga ta. Yanzu tana gidan tarihi na Smithsonian.

Waɗannan na bayan fagen ma miliyoyin daloli ake sayen su a yau. Ta Sarkin Maskat kuwa, a 2021 aka yi gwanjonta kan dala miliyan 7.68.